Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili

An haifi Shehu al-Magili a Tilimsan, cikin Aljeriya ta yau, wajen shekarar 1440, ya kuma yi karatu a wurin Shehu Abdurrahman as-Sa'alibi. Ya fara yin suna a Tuwat, inda ya ba da fatawar cewa Yahudawan Tamantit sun warware sharuɗɗan amanarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai amince da fatawar ba, malamai kuma suka rarrabu a kanta. Duk da haka an rushe wurin ibadar Yahudawan, aka kashe da dama daga cikinsu.

Wajen 1492 ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Tarihin Kano ya nuna cewa shi ne ya sa aka sare itaciyar da ake bauta wa, aka gina hasumiya a gurbinta. Ya kuma rubuta wa Sarki littafin Tajuddini, kan abin da ya wajaba a kan sarakuna.

Daga bisani ya tafi Gao, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, har da hukuncin mai furta kalmar shahada amma yana yanka ga duwatsu da itatuwa. Bayan shekaru 300, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja da waɗannan amsoshi a kan sarakunan Hausa.

Ya rasu a Tuwat wajen 1504. Sharifan unguwar Sharifai da ke cikin birnin Kano suna danganta asalinsu gare shi.