JIGORO KANO, MALAMIN DA YA KAFA JUDO

A cikin mutanen da suka yi wa ƙasar Japan aiki sa'ad da ta buɗe ƙofofinta ga ilmin zamani, kaɗan ne sunansu ya kai inda na Jigoro Kano ya kai. Kada mai karatu ya ga sunan ya zaci mutumin Birnin Dabo ne. Kano sunan zuriyarsu ne can Japan, dacewa ce kawai. Shi ya kafa kokawar nan da a ke kira judo, shi kuma ya ƙago tsarin darajoji wanda ya sa yau da an ce wane mai baƙar ɗamara ne, kowa ya san an ambaci gwani. Amma ainihin sana'arsa koyarwa ce, har ya shugabanci kwalejin horon malamai fiye da shekara 20. Don haka muka ga ya kamata mu kawo tarihinsa, musamman saboda waɗanda aikinsu ya shafi jarrabawa da ƙarin girma.

ƘURUCIYARSA

An haife shi a 1860 a Mikage, wani gari na bakin teku kusa da Kobe. Gidansu gidan wadata ne, sana'arsu dafa giyar shinkafa, ubansa kuwa ya yi harkar jiragen ruwa. Yana da shekara 9 mahaifiyarsa ta rasu, ba da daɗewa ba uban ya ɗauke shi zuwa Tokiyo, ya sa shi makaranta, ya koyi Turanci. Wajen karatu ba a ja da shi, amma fa ƙanƙane ne, ba ƙarfi; ko da ya girma tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da inci 2 ba. Manyan yara suka maishe shi abin cin zali. Yana cikin wannan baƙin ciki ya ji labarin wata dabarar faɗa ta mutanen dā mai suna jujutsu, wadda a ke cewa da ita ƙarami ya kan kā da babba.

Lokacin nan kuwa jujutsu ta kama hanyar mutuwa. A 1868 mulkin Japan ya sauya, darajar mayaƙan gargajiya, watau samurai, ta zube, a 1876 ma aka hana su rataya takobi. Malaman jujutsu suka rasa almajirai, waɗansu suka koma yin wasa a gaban 'yan kallo don samun abinci, waɗansu suka zama maɗora, da ya ke sun san gaɓoɓin jiki. Da Kano ya shiga Jami'ar Tokiyo a 1877 sai ya riƙa bin gidajen maɗora yana cigiya, har aka kai shi wurin wani malami, Fukuda Hachinosuke.

Koyarwar Fukuda ba yawan bayani. In almajiri ya yi tambaya sai a kā da shi, ya tashi a sake kā da shi, har jikinsa ya gane. Akwai wani ƙato cikin almajiran wanda ya gagari Kano. Sai ya shiga binciken littattafai, har da na kokawar Turawa, ya samo dabarar sunkuyawa a ɗauki mutum bisa kafaɗu a juya shi ƙasa, da ita ya kā da ƙaton. Wannan kaye yana nan cikin judo, sunansa kata-guruma. A 1879 Kano yana cikin waɗanda suka nuna jujutsu gaban Janar Grant, tsohon Shugaban Amurka, da ya ziyarci Japan. Cikin shekarar nan Fukuda ya rasu, iyalinsa suka danƙa wa Kano littattafan makarantar. Ya koma wurin Iso Masatomo, shi ma ya rasu a 1881, sa'an nan ya je wurin Iikubo Tsunetoshi. Malaman biyu na farko sun fi ƙwarewa wajen danniya da shaƙa, na uku kuwa gwanin kaye ne. Ta haka ilmin gida biyu ya taru a hannun saurayi guda.

KAFA KODOKAN

A 1882, bai cika shekara 22 ba, ya buɗe tasa makaranta a wani ɗakin ibada na mabiya addinin Buda mai suna Eishoji, cikin Tokiyo. Tabarmi 12 ne faɗin wurin, almajirai 9. Ya sa mata suna Kodokan, watau gidan koyon hanya. Ya kuma bar sunan jujutsu ya ɗauki judo: ju shi ne sassauci, jutsu dabara, do kuwa hanya. Nufinsa abin ya wuce dabarar faɗa, ya zama tarbiyya mai gina jiki da hankali da hali.

Abin da ya bambanta shi da malamansa shi ne ya tsaya ya bincika dalilin da ke sa mutum ya faɗi. Ya gane kowane kaye kashi uku ne. Na farko kuzushi, watau a ja mutum ko a tura shi har tsayuwarsa ta lalace. Na biyu tsukuri, a shigar da jiki daidai inda ya kamata. Na uku kake, a yar da shi. Wanda ya tsallake na farko sai ya yi da ƙarfi, wanda ya kiyaye shi kuwa nauyin abokin karonsa ne zai yi masa aiki. Wata rana ya kā da malaminsa Iikubo sau da dama a jere, ya kuma bayyana masa dalili. Dattijon bai ji haushi ba, a 1883 ya ba shi ijazar makarantarsu.

Sa'an nan ya raba koyo gida biyu. Akwai randori, inda mutum biyu za su kama juna kowa ya gwada iyawarsa, akwai kuma kata, inda a ke bin tsararrun dabaru daki-daki, kowa ya san abin da ke zuwa. Dabarun da ke da haɗari, kamar naushi da shuri, ya cire su daga randori ya ajiye cikin kata. Kafin kome kuwa sai yaro ya koyi ukemi, watau iya faɗuwa: ya tanƙwashe haɓa kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya mari tabarma da hannu don ya rage ƙarfin faɗuwar. Da haka almajiransa suka sami damar karawa da iyakar ƙarfinsu kullum ba tare da sun nakasa juna ba. Amfanin wannan ya bayyana wajen 1886, sa'ad da 'yan sandan Tokiyo suka riƙa shirya karawa tsakanin makarantu. Mutanen Kodokan suka yi suna, har aka ɗauki waɗansunsu su koyar da 'yan sanda.

DARAJOJI DA ƊAMARU

A tsohon tsari, malami ya kan ba almajiri takardar ijaza bayan shekaru masu yawa, in ya ga dama, yawancin ilmin kuwa asiri ne. Mai koyo ba shi da hanyar sanin inda ya kai, ijazar wannan gida kuma ba ta auna daidai da ta wancan. Kano malamin makaranta ne, ya san yaro ya fi ƙwazo in yana hangen aji na gaba. Sai ya aro tsarin dan, watau mataki, daga wani wasan allo mai kama da dara, wanda a ke kira go. A 1883 ya ba almajiransa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko. Wajen 1886 masu wannan daraja suka fara ɗaura baƙar ɗamara.

Ga yadda tsarin ya zauna. Darajojin masu koyo sunansu kyu, ana kuwa ƙirga su da baya-baya, kyu na 1 shi ne na ƙoli. Daga nan sai dan, ana ƙirgawa gaba. Daga dan na 1 zuwa na 5 baƙar ɗamara; na 6 zuwa na 8 suna iya ɗaura mai ja da fari; na 9 da na 10 ja zalla. Ɗamarun nan masu launi iri-iri na masu koyo, rawaya da kore da shuɗi da sauransu, a Turai suka bunƙasa, wanda ya fi yaɗa su kuwa shi ne Kawaishi Mikinosuke, da ya zauna Faris tun 1935. Sai mu lura da sunan da Kano ya ba darajar baƙar ɗamara ta fari, shodan: ma'anarsa matakin farko. A wurinsa mai ita ya san harufa ke nan, yanzu zai fara karatu.

Da ya ke ba a jarrabawa sai da manhaja, a 1895 Kodokan ta tsara kaye-kayenta cikin aji 5, aka kira su gokyo. A 1920 aka sake gyara su suka zama 40, kowane aji 8, daga masu sauƙi zuwa masu wuya. A aji na farko akwai de-ashi-barai, share ƙafar da ke takowa. O-soto-gari, babbar taɗiya ta waje. O-uchi-gari, babbar taɗiya ta ciki. O-goshi, ɗora mutum a kwankwaso a juya shi. Da seoi-nage, goya shi a baya a yar ta kan kafaɗa. A nan ne kuma uki-goshi ya ke, kayen kwankwaso wanda Kano kansa ya shahara da shi. Mai karatu zai ga sunayen bayani ne: o babba, ko ƙarami, soto waje, uchi ciki, ashi ƙafa, koshi kwankwaso, te hannu. Wanda ya riƙe 'yan kalmomin nan ya sami mabuɗin sunaye da yawa.

Bayan kaye sai dabarun ƙasa, katame-waza, su ma iri uku: osaekomi, danne mutum da bayansa a ƙasa; shime, shaƙa; da kansetsu, murɗe gaɓa, wanda a gasa gwiwar hannu kaɗai aka yarda a kama. Dole ne kuma mai koyo ya san maganar alƙali. Rei gaisuwa ce ta sunkuyo, da ita a ke farawa a ke ƙarewa. Hajime a fara. Mate a dakata. Ippon cikakkiyar nasara. Waza-ari wadda ta kusa cika. Ana samun ippon da kaye mai tsabta, ko danniya ta sakan 20 bisa dokar gasa ta yanzu, ko abokin karo ya buga tabarma ya sallama.

Mai neman baƙar ɗamara ana duba abu uku gare shi: daɗewarsa a darajar da ya ke, nasarorinsa a gasa, da iya kata. Nage-no-kata tana da kaye 15, rukuni 5, kowane rukuni 3, ana yin kowanne dama da hagu. A Kodokan mai neman dan na 1 zai nuna rukuni 3 na farko, mai neman na 2 ya nuna dukkansu, mai neman na 3 kuwa ya nuna katame-no-kata, ita ma dabaru 15. Mutum biyu ke yi, tori mai kayarwa da uke mai faɗuwa, in uke bai iya nasa ba, na tori ma ya ɓaci. Manyan darajoji kuwa ana duba hali da hidimar da mutum ya yi wa judo. Yamashita Yoshitsugu, wanda ya koya wa Shugaba Theodore Roosevelt na Amurka, shi aka fara ba dan na 10, a 1935, bayan rasuwarsa. Shi Kano bai riƙi dan ko ɗaya ba.

AIKIN ILMI DA ƘARSHEN RAYUWA

Duk wannan fa bayan aikinsa na ofis ya ke yinsa. Tun 1882 ya ke koyarwa a Gakushuin, makarantar 'ya'yan sarauta. A 1889 aka aike shi Turai ya duba tsarin makarantu, ya komo a 1891, aka ba shi shugabancin wata babbar makaranta a Kumamoto. A 1893 ya zama shugaban Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Tokiyo, ya riƙe ta, in ban da 'yan lokatan da ya sauka, har 1920. Ya ƙarfafa wasannin motsa jiki a cikinta, malaman da ya horar kuwa suka bazu cikin lardunan Japan da judo a hannunsu. Ya kuma buɗe wa 'yan makaranta daga ƙasar Sin wurin karatu, cikin waɗanda suka zauna nan har da shahararren marubuci Lu Xun. A 1922 ya bayyana tushen koyarwarsa guda biyu: mutum ya sarrafa ƙarfinsa ta hanya mafi amfani, kuma ci gabansa ya zamo tare da na abokinsa. A 1926 Kodokan ta kafa sashen mata.

A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a Kwamitin Wasannin Olimfik na Duniya, a 1912 kuma ya kai 'yan wasan Japan biyu Istokholm, zuwansu na farko ke nan. Da ƙoƙarinsa aka ba Tokiyo wasannin 1940. Yaƙin Japan da Sin ya jefa maganar cikin shakka, sai ya tafi taron Kwamitin a Alƙahira a 1938, yana da shekara 77, ya kāre ta. A hanyar komowa, cikin jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru, ciwon huhu ya kama shi, ya rasu ran 4 ga Mayu, 1938. Bayan wata biyu Japan ta janye daga shirya wasannin.

Aikinsa bai mutu tare da shi ba. A 1951 aka kafa ƙungiyar judo ta duniya, a 1964 kuwa judo ta shiga Olimfik a Tokiyo. A ajin da ba ƙayyade nauyi, wani Bature na ƙasar Holan, Anton Geesink, ya danne gwanin Japan, Kaminaga Akio, ya ci. Da wani mutumin ƙasarsu ya yunƙuro zai hau tabarma don murna, sai Geesink ya ɗaga hannu ya hana shi, don ba a yi gaisuwar ƙarshe ba tukuna. Japanawa sun ji zafin kayen, amma sun yaba wannan ladabi, domin ya nuna tarbiyyar Kodokan ta ƙetare teku tare da dabarunta.

Mu da ke gyara takardun jarrabawa da rubuta rahoton ƙarin girma, akwai abin dubawa a nan. Kano bai ba da daraja ba sai da ya shimfiɗa abin da mai nemanta zai sani, ya tsara shi aji-aji, ya sa a nuna shi a fili gaban kowa. In ɗamara ta hau ƙugun wanda bai cancanta ba, tabarma za ta tona asirinsa ran da ya kama wani, sunan wanda ya ɗaura masa kuma ya zube tare da nasa.