ALHAJI ABUBAKAR IMAM (1911-1981): EDITA A ZAMANIN FARFAGANDA

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai san sunan Alhaji Abubakar Imam ba. Yawancinmu ta hanyar Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce muka san shi, har wasu na zaton rubuta labaran hira ne kaɗai aikinsa. Alhali kuwa ya yi fiye da shekara goma yana editan jarida, kuma a lokacin da duniya ke cikin yaƙi, kowace gwamnati na ƙoƙarin cusa wa jama'a nata labarin.

Abin da ya sa na waiwayi wannan ɓangare na rayuwarsa shi ne abin da na gani a unguwarmu ta Rayfield, a nan Jos, bayan da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023. Sai ka tarar da mutum biyu a benci ɗaya wurin mai shayi, kowa riƙe da wayarsa. Wannan yana nuna hotunan da ke cewa Isra'ila ce aka zalunta, wancan yana nuna waɗanda ke cewa Falasɗinawa ne, kuma kowannensu ya rantse kafar da ɗan'uwansa ke bi ƙarya take yi. Ni da Hausa ba harshen gidanmu ba ne, a makaranta da kasuwa na koye ta, na lura sau da yawa kalma ɗaya ce ke hura wutar gardamar. Wannan ne ya mayar da ni ga mutumin da ya fara fama da irin wannan matsala a rubutun boko na Hausa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, saboda haka da karatun allo ya fara. Daga baya ya shiga makarantar boko, har ya sami shiga Kwalejin Katsina a 1927. Da ya gama a 1932 sai aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. A wannan gasa ce aka sami Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. East ya ga hazaƙar wannan matashin malami, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Da yawa daga labaran ciki daga Larabawa da Indiyawa da Turawa aka samo su, amma ya yi musu riga da wando na Hausa har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta. Sai mu riƙe wannan, domin gwanintar mayar da baƙon labari ɗan gida ita ce Turawa suka buƙata wurinsa bayan shekara uku.

Dalilin Kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo

A 1938 ji-ta-ji-ta ta bazu a Nijeriya cewa Ingila za ta miƙa ƙasar ga Hitila don a zauna lafiya da Jamus. Maganar ta sami gindin zama saboda Jamusawa na neman a mayar musu da ƙasashen da aka ƙwace musu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga kuma Kamaru, ɗaya daga cikinsu, a maƙwabtaka. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga tana buƙatar bakin da za ta riƙa magana da talakawan Arewa cikin harshensu. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Imam ne editanta, East kuma yana sama da shi.

Ba a Arewa kaɗai Ingila ta yi wannan dabara ba. Shekara ɗaya kafin haka, ranar 3 ga Janairu 1938, BBC ta buɗe sashen Larabci don mayar da martani ga gidan rediyon Bari na Italiya, wanda ke zuga Larabawa a kan Ingila. A lokacin Falasɗinu tana hannun Ingila, kuma Larabawan can suna cikin boren da suka fara a 1936. A labaran ranar farko sashen ya ba da rahoton wani Balarabe da hukumomin Ingila suka zartar wa hukuncin kisa a Falasɗinu saboda an same shi da makami, abin da bai yi wa jami'an gwamnati a Landan daɗi ba. Ashe tun ranar farko aka fara jayayya tsakanin mai biyan kuɗin kafar labarai da ma'aikacin da ke son a yarda da shi. Cikin irin wannan tsaka-mai-wuya Imam ya sami kansa.

Shekarun Yaƙi

Da yaƙi ya tashi a watan Satumba na 1939, jaridar ta tsaya a bayan Ingila ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta riƙa kawo labaran fagen daga yadda gwamnati ke so a ji su, a lokacin da ake ɗibar samarin Arewa aikin soja, wasu zuwa Habasha, wasu daga baya zuwa Bama. Aka ƙara da 'Yar Gaskiya cikin ajami saboda waɗanda ba su iya boko ba, da kuma wata takardar labaran yaƙi mai suna Suda. Wannan farfaganda ce, babu wani suna da za a kira ta da shi, kuma alƙalamin Imam na cikin waɗanda suka yi mata aiki.

Mu mutanen Filato muna da dalilin tuna ɗaya fuskar wannan yaƙi. Bayan Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso talakawa fiye da 100,000 daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, da yawa kuma sanyi da yunwa da cuta suka hallaka su. Kududdufan da muke gani a kewayen Rayfield da Bukuru ragowar haƙar kuza ne. Jaridar da gwamnati ke saya wa takarda da tawada ba za ta zama dandalin yaƙar dokar gwamnatin ba. Iyakar da aka shata wa Imam ke nan, kuma bai kamata son da muke yi masa ya sa mu rufe ido a kanta ba.

Sai dai bai tsaya a matsayin kakaki kawai ba. Ya buɗe shafin wasiƙu, malamai da akawuna da 'yan kasuwa suka riƙa rubuto koke-kokensu da ra'ayoyinsu. A ƙasar da talaka ba ya ɗaga murya gaban hakimi, ganin kukan mutum a rubuce, ana karanta shi a zaure daga Sakkwato har Yola, ba ƙaramin abu ba ne. Jaridar da aka kafa don gwamnati ta yi wa jama'a magana sai ta zama hanyar da jama'a ke mayar da amsa.

Tafiyar Ingila

A 1943 aka gayyaci editoci daga Afirka ta Yamma zuwa Ingila, cikinsu har da Imam da Nnamdi Azikiwe mai jaridar West African Pilot. Ita ma wannan tafiya an shirya ta ne don baƙin su ga ƙoƙarin Ingila a yaƙi, su dawo su ba da labari. Imam ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Abubuwa biyu da ya yi a can sun nuna halinsa. Na farko, ya ƙi sa hannu a takardar da Azikiwe ya shirya ta neman mulkin kai, domin a ganinsa ba ta yi la'akari da halin da Arewa ke ciki ba. Na biyu, ya gana da tsohon gwamna Lugga, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya bayyana masa illolin tsarin da yadda ake danne matasan da suka yi boko, daga baya kuma ya rubuta masa bayanin. Wato bai bi 'yan kishin ƙasa na Kudu ido rufe ba, bai kuma gaya wa Bature abin da yake son ji ba. Shi wannan Lugga ya daɗe yana wakiltar Ingila a kwamitin Majalisar Ƙawancen Ƙasashe mai sa ido kan yankunan riƙon amana, waɗanda Falasɗinu ke cikinsu. Hannu ɗaya ne ke riƙe da akalar ƙasashen biyu, kuma Imam yana kan kujerar edita a 1948 lokacin da Ingila ta janye daga can, aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa matsugunansu.

Siyasa da Ƙarshen Rayuwarsa

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, wanda ya fara buga jaridar Turanci ta Nigerian Citizen a 1948. Imam na cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a farkon shekarun 1950 ya bar kujerar edita ya shiga majalisa. A wannan zamani masu ra'ayin sauyi, musamman 'yan NEPU da aka kafa a Kano a 1950, suna kallon Gaskiya a matsayin jaridar gwamnati da sarakuna. Ga Turawa wani lokaci ya cika tsage gaskiya, ga 'yan sauyi kuma ya cika sassauci. Bai daɗe a siyasa ba ya koma harkar littattafai da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa wanda Abdurrahman Mora ya tace.

Darasi ga Ɗaliban Harshe

Yau labarin Isra'ila da Falasɗinu yana iso mana cikin daƙiƙa, amma tambayar da rayuwar Imam ta koya mana tana nan: wa ke da kafar, kuma me yake so in ji? A harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba 2023 an kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, aka yi garkuwa da kimanin 250. A yaƙin da ya biyo baya hare-haren Isra'ila sun kashe dubun-dubatar mutane a Gaza. Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga yankin su kaɗai, 'yan jaridar Falasɗinu masu yawa kuma sun rasa rayukansu. A intanet magoya bayan ɓangarorin biyu sun yaɗa tsofaffin hotunan yaƙin Siriya, har da na wasan kwamfuta, da sunan sababbi ne. Kafar da ta ambaci rabin waɗannan ta bar rabi ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi gaskiya ba.

Mu da muke karanta nahawu mun fi kowa sanin inda ake ɓoye son kai. Dubi waɗannan jimloli uku: gidaje sun rushe, an rusa gidaje, sojoji sun rusa gidaje. Ta farko ta mayar da abin kamar ruwan sama ne ya yi ɓarna, ta biyu ta yarda akwai mai aikatawa amma ta sakaya shi, ta uku ce kaɗai ta nuna shi. Haka bambancin sun mutu da an kashe su. Mutum ɗaya wata kafa za ta kira shi ɗan ta'adda, wata ɗan gwagwarmaya, wata kuma mayaƙi. Wanda ya ce 'yan kama-wuri-zauna da wanda ya ce mazauna sun riga sun yanke hukunci daban-daban kafin labarin ya fara. Idan mai fassara ya yi amfani da jimla ta uku ga ɓangare ɗaya, ta farko ga ɗayan, ya ɗauki gefe ko da bai sani ba. Mu a Jos ba baƙin wannan ba ne. Tun rikicin Satumba na 2001 mun ga yadda kalmomi irin su 'yan ƙasa da baƙi ke raba maƙwabta.

Kammalawa

Da yawa daga cikinmu gidajen rediyo da talabijin da jaridu za mu nufa bayan karatu, kuma kowane gida da mai shi, ko gwamnati ko attajiri ko wata ƙasar waje. Ba za mu fi Imam 'yanci da yawa ba. Abin da za mu iya koya daga gare shi shi ne mu san iyakar gidan da muke ciki, mu bar ƙofa a buɗe ga wanda ba a jin muryarsa, mu kuma auna wa kowane ɓangare da mudu ɗaya wajen zaɓen kalma. Jaridarsa ta daina fitowa, kwabo ma ya ɓace daga kasuwa, amma aikin da ya fara yana jiran masu ci gaba da shi. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa ya huta, amin.