Djibo Bakary, magajin garin Yamai na farko da ƙuri'a ta ɗora

Ranar 18 ga watan Nuwamban 1956 mazauna Yamai suka fito zaɓen 'yan majalisar birni, maza da mata. Kafin wannan rana Baturen mulki ne ke riƙe da garin, shi ke tsara kasuwa da haraji da rabon filaye, kuma gwamna kaɗai yake yi wa bayani. Wata doka da majalisar Faransa ta amince da ita a Nuwamban 1955 ce ta bai wa wasu biranen Afirka, har da Yamai, damar zaɓen majalisarsu, ita kuma majalisar ta fitar da magajin gari daga cikin mambobinta. Da aka gama ƙidaya da shawarwari, kujerar ta faɗa hannun wani tsohon malamin lakwal mai shekaru 34, wanda ya bar alli ya koma aikin lambu da jagorancin ƙungiyar ƙwadago. Sunansa Djibo Bakary.

Daga Sudure zuwa Tawa

An haifi Djibo a shekarar 1922 a ƙauyen Sudure da ke gefen Yamai, ƙauyen da aka haifi ɗan uwansa Diori Hamani shekaru 6 kafin shi. Bazabarme ne, amma a Tawa ya tashi, a hannun wani ɗan uwan iyayensa da ya tafi da shi tun yana yaro. Can ya shiga lakwal, can kuma Hausa ta zauna masa a baki. Wannan ya yi masa rana daga baya, domin ɗan siyasar da ya fito daga bakin kogi amma yake iya tsayawa a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya yi wa jama'a magana ba tare da tafinta ba, ya riga abokan hamayyarsa nisa.

Ya wuce makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, wadda ta yaye galibin 'yan bokon farko na yankin da Faransa ke mulka. Da ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni, sannan a Agadas. Lokaci ne na aikin dole da lanho mai nauyi, lokacin da kumandan ke iya ɗaure mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Sai a 1946 aka soke aikin dole. A cikin wannan shekara aka kafa jam'iyyar PPN, ta farko a Nijar, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako. Djibo ya ajiye koyarwa ya rungumi siyasa, kuma a 1947 ya zama babban magatakardan jam'iyyar.

Rabuwa da 'yan uwa

A majalisar Faransa, wakilan RDA suna ƙawance da jam'iyyar kwaminis. Wannan ya sa Turawan mulki suka sa musu ƙahon zuƙa: kora daga aiki, canjin wurin aiki zuwa nesa, ɗauri. A 1950 shugaban RDA, Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, ya yanke shawarar raba gari da 'yan kwaminis domin a sasanta da hukuma. Diori Hamani da Boubou Hama suka bi shi. Djibo ya ƙi, yana ganin an sayar da gwagwarmayar ne, kuma daga nan hanyarsa da ta ɗan uwansa suka rabu har ƙarshen rayuwarsu ta siyasa.

Ba shi da albashi, ba shi da jam'iyya, sai ya kama noman lambu a gefen Yamai. Daga nan ya shiga haɗa kan leburori da ma'aikatan kamfanonin Turawa a cikin ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da CGT ta Faransa. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. PPN ta fi ƙarfi a wurin ma'aikatan gwamnati da mutanen yammacin ƙasar, sarakuna kuma suna da tasu jam'iyyar da hukuma ke yi wa kallon alheri. Djibo ya nufi waɗanda suka rage: direbobi da 'yan kamasho na tasha, teloli, magina, 'yan dako, masu ƙaramin kasuwanci, da matan da ke zaman kansu a bariki. Su ne mutanen da ba sa zama wuri ɗaya. Motocin da ke kwasar gyaɗa daga Maraɗi da Tasawa da Damagaram su ne suka riƙa kai saƙon jam'iyyar kasuwa-kasuwa.

Ta wannan hanya kalmar sawaba ta zama kirarin tafiyar. A ƙetaren iyaka, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta riga ta ɗauki wannan kalma a matsayin take, kuma talakan Maraɗi da na Katsina ba sa bukatar a fassara musu ita. Alamar 'yan Sawaba raƙumi ce, ta RDA kuma giwa. Ga mai zaɓen da bai yi boko ba, hoton dabbar da ke kan takarda shi ne sunan jam'iyya.

Yadda aka ci kujerar Yamai

A zaɓen 'yan majalisar Faransa na Janairun 1956 Nijar na da kujeru 2. Georges Condat, haifaffen Maraɗi, ya ɗauki ɗaya a ƙarƙashin jam'iyyar BNA mai goyon bayan sarakuna, Diori ya ɗauki ɗayar, Djibo kuma ya zo bayansa da tazara kaɗan. Watanni 10 bayan haka aka zo zaɓen birni.

PPN ce ta fi kowa kujeru a majalisar birnin Yamai, amma ba ta kai rinjayen da zai ba ta damar naɗa magajin gari ita kaɗai ba. BNA ce ta zo ta ƙarshe, sai ga shi 'yan kujerunta sun zama abin da kowa ke zawarci. Djibo ya fi saurin kai hannu. Ya ƙulla yarjejeniya da Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, aka haɗa ƙuri'un UDN da na BNA, ya zama magajin gari. Jam'iyyun biyu suka narke suka zama reshen Nijar na ƙungiyar 'yan gurguzu ta MSA.

Abin ya bai wa mutane mamaki, domin jagoran leburori ne ya haɗa kai da 'ya'yan sarauta. Amma lissafin a fili yake. Dokar da ake kira ta Defferre, ta Yunin 1956, ta bai wa kowane baligi ƙuri'a, kuma mafi yawan masu ƙuri'ar suna karkara, inda maganar sarkin kanto da maigari ke da nauyi. Birni ya ba Djibo suna da ofis, sarakuna kuma za su kawo masa ƙauyuka. A zaɓen majalisar ƙasa na 31 ga Maris 1957 haɗakar ta lashe kujeru 41 cikin 60, PPN ta samu 19. A watan Mayu Djibo ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa, yana mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bature na bisa kansa. A Yulin 1958 aka mayar da shugabancin majalisar hannunsa.

Sai dai auren bai yi ƙarko ba. Matasan jam'iyyar da suka sha wuya a hannun dogarai suna ganin lokacinsu ya yi, gwamnatin kuma ta tuɓe wasu sarakunan kanto. Sauran sarakuna suka fara tunanin wa zai biyo baya.

I ko a'a

A 1958 Janar Dagol ya dawo mulki a Faransa, ya kuma shirya zaɓen raba gardama: ƙasar da ta ce i za ta zauna cikin tarayya da Faransa da 'yancin cikin gida, wadda ta ce a'a ta ɗauki 'yancinta nan take, tallafi kuma ya yanke. A babban taron jam'iyyar PRA a Kwatano, cikin watan Yuli, Djibo na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya wajen neman 'yanci ba tare da jinkiri ba. Da ya dawo gida Sawaba ta yi kiran a ce a'a. A duk yankin, shi da Sékou Touré na Gine ne kawai shugabannin gwamnati da suka ɗauki wannan matsayi.

Faransa na iya haƙura da Gine, amma Nijar wani abu ce daban. Tana iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙin neman 'yanci, tana cikin shirin Faransa na haɗe yankunan Sahara, an kuma fara gano yuraniyom a yankin Agadas a 1957. Ga kuma Najeriya da ke dab da samun 'yanci, wadda Turawa ke tsoron Nijar ta karkata gare ta. Aka turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, makonni kaɗan kafin zaɓen. Hukuma ta fito fili tana yi wa i kamfe, aka zagaya da sojoji cikin karkara, sarakunan da suka shigo ta ƙofar BNA suka fice tare da Djermakoye suka koma ɓangaren Diori.

Ranar 28 ga Satumban 1958 aka bayyana cewa i ta samu kusan kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka fito ba su wuce kashi 37 na masu rajista ba. 'Yan Sawaba ba su taɓa yarda da wannan sakamako ba. A watan Oktoba Djibo ya sauka daga shugabancin gwamnati, aka rusa majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Sawaba ta tsira da kujeru 11 cikin 60, shi kansa Djibo ya rasa tasa. Tasawa, wadda a lokacin ta haɗa da yankunan Agye da Gazawa, na cikin wuraren da raƙumi ya yi nasara, amma aka soke sakamakon. Ranar 18 ga Disamba aka ayyana Jamhuriyar Nijar, Diori na shugabancin gwamnati. A 1959 kujerar magajin garin Yamai ta koma hannun Boubou Hama, kuma ranar 12 ga Oktoban shekarar aka haramta Sawaba baki ɗaya. Ranar 3 ga Agustan 1960, lokacin da aka ba Nijar 'yancin da Djibo ya nema shekaru 2 kafin nan, yana gudun hijira a Mali.

Bindiga da kurkuku

Da aka toshe hanyar akwati, shugabannin Sawaba da ke waje suka zaɓi ta makami. Daga Bamako Djibo ya koma Gana ƙarƙashin inuwar Kwame Nkrumah. An tura ɗaruruwan matasa karatu da horon soja a ƙasashe irin su Aljeriya, Sin da Biyetnam ta Arewa. Cikin manyan tafiyar akwai Ousmane Dan Galadima da marubuci Abdoulaye Mamani. A ƙarshen 1964 ƙananan rundunoni suka kutso ta iyakokin kudu da yamma, da zaton jama'a za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta samu labari, aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin Babbar Salla da nufin kashe Diori. Shugaban ya tsira, wani yaro ya rasu.

Abin da ya biyo baya ya faɗa kan talakawan da suka riƙe katin jam'iyya. An kama mutane da yawa a garuruwan Hausa, wasu sun mutu a tsare, wasu sun tsallaka Najeriya ba su dawo ba sai bayan shekaru. A gidaje da dama na jihar Maraɗi an daɗe ba a ambaton kalmar Sawaba da ƙarfi. Masu sukar Djibo suna ɗora masa alhakin tura matasa cikin yaƙin da ba a shirya shi da kyau ba, shi yana waje. Masu kare shi kuma suna cewa waɗanda suka soke zaɓe suka haramta jam'iyya su ne suka fara rufe ƙofa.

Bayan kifar da Nkrumah a 1966 ya koma Gine. Juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974 ya buɗe masa hanyar gida, bisa sharaɗin barin siyasa. A Agustan 1975 aka kama shi da zargin shirya juyin mulki tare da Sani Souna Sido, aka kai shi Ngigmi, can gabas kusa da tafkin Cadi. Ya yi shekaru a tsare, sannan aka yi masa ɗaurin talala. Kusan lokaci guda shi da Diori suka kasance fursunonin gwamnati ɗaya.

Dawowa a makare

Taron ƙasa na 1991 ya dawo da jam'iyyu barkatai, Sawaba ta sake fitowa amma a rabe biyu. Djibo ya jagoranci UDFP-Sawaba, ya wallafa littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci a 1992, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a Fabrairun 1993. Bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mafi yawan masu zaɓen ba a haife su ba lokacin da yake magajin gari, kuma yankunan da suka taɓa bin raƙumi sun koma bayan sababbin jam'iyyu. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998 yana da kimanin shekaru 76. Gadar Farie da ke kan kogin Kwara, arewa da babban birnin, tana ɗauke da sunansa.

Haƙƙin da mutanen Yamai suka samu a 1956 ya daɗe bai isa karkara ba. Sai a zaɓen 24 ga Yulin 2004 ƙananan hukumomi 265 na ƙasar, ciki har da Gidan Sori da Gazawa da Agye da Gidan Rumji, suka zaɓi kansilolin da ke fitar da magajin gari daga cikinsu, bisa tsari irin wanda ya ɗora Djibo. An sake irin wannan zaɓe a 2011 da 2020, kuma a garuruwa da dama an ga abin da ya faru a Yamai ya maimaita kansa, inda jam'iyyar da ta fi kujeru ke rasa kujerar magajin gari saboda ƙawancen da aka ƙulla bayan ƙidaya. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa zaɓaɓɓun majalisun, suka naɗa jami'an riƙo a madadinsu.