Magajiya Daurama, Macen Da Ta Riƙe Daura Kafin Zamanin Sarakuna

A wannan fitowa za mu koma can baya, kafin jihadin Shehu Usmanu, kafin ma Wangarawa su iso Kano da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Idan aka ce tsohuwar wayewa, hankalinki yakan tafi Masar ko Babila. To ai mu ma nan kusa muna da tamu, kuma mace ce a tsakiyarta.

Tun kafin a san sunan wani sarki a ƙasar Hausa akwai mutane masu sana'a a cikinta. Masu binciken ƙasa sun tono wuraren narka tama a Dutsen Dala na Kano, waɗanda shekarunsu suka koma ƙarni na 7 na Miladiyya. A Birnin Kudu kuwa, cikin jiharmu ta Jigawa, akwai zanen shanu a jikin duwatsu da mutanen da suka bari. Jama'a ce mai ƙira da noma da kiwo da haƙar rijiya, kuma a Daura mata ne ke shugabantarta.

Masu riƙe da tarihin Daura suna lissafa sarauniyoyi 17 a jere, ana ce wa kowace Magajiya. Ta farko ita ce Kufuru, kuma mazauninsu na fari shi ne Tsohon Birni, arewa kaɗan da Daurar yanzu. Ta 9 a jerin sunanta Daurama, ita aka ce ta taso da jama'a zuwa inda birnin yake, har ya ci sunanta. Wasu ruwayoyi sun ce ita ce mai labarin da za ki ji, wasu sun ce ta ƙarshe ce, Shawata, wadda ita ma ake kira Daurama. Ko wacce ce, Tarihin Kano ya sa hawan Bagauda, wanda ake cewa jikanta ne, a shekarar 999. Kin ga ke nan maganar ta haura shekara dubu.

Babbar matsalar mulkinta ruwa ce. Garin yana dogara da rijiyar Kusugu, a cikinta kuma akwai maciji mai suna Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Mu da muka tashi a Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, inda rijiya ke da zurfi igiyar guga ke cin tafin hannu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki ƙiyasta randa ɗaya ko biyu su kai ki mako guda, ga girki, ga wanki, ga goyo, ga mai jego a ɗaki. Kuma abin da ya fi muni, ba ƙarfin macijin ne ya hana mutane ruwa ba, tsoronsa da girmama shi ne. Zamani ne na bautar iskoki, irin yadda Kanawan farko suke kai yanka ga Tsumburbura ƙarƙashin Barbushe. Gari guda da mayaƙansa da maƙeransa suna kwana da ƙishi saboda abin da takobi ɗaya ya gama da shi. Haka shirka take yi wa mutum, Allah Ya tsare mu. Ni dai a ganina ambaton Juma'a a labarin alama ce ta bakin Musulmi da suka riƙa ba da shi daga baya, don mutanen wancan lokaci ba su san sallar Juma'a ba.

Sai baƙo ya sauka. Ruwaya ta ce sunansa Bayajidda, ɗan sarkin Bagadaza, wanda ya zauna Borno ya auri 'yar Mai, daga baya ya gudu da ita. Ya bar ta da juna biyu a Garun Gabas, nan gabas da mu ta wajen Malam Madori, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Wasu masana suna danganta shi da Abu Yazid, wani ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya rasu a 947, wasu kuma suna ganin labarin ayarin baƙi ne aka dunƙule a mutum ɗaya. Da dare ya shiga Daura, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ba a samu ba. Ya karɓi guga ya nufi Kusugu, ya sare kan macijin, ya tafi da shi.

A nan ne halin Daurama ya fito. Da gari ya waye ba ta yi fushi an taɓa abin tsafin kakanni ba, alhali a kansa wani ɓangare na kwarjinin gidanta ya ginu. Ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin. Maza suka yi ta zuwa da kawunan macizai, kowa na cewa shi ne, ita kuwa ba ta yarda da baki ba, sai a gwada kai da gangar jiki. Har Ayana, tsohuwar da ba kowa ba ce, ta samu aka saurare ta a fada, ta ba da labarin baƙonta. Wannan neman hujja da sauraren jama'a yakan tuna mini da Bilkisu sarauniyar Saba a Suratun Namli, wadda ba ta yanke hukunci ba sai da ta tara manyanta.

Bayajidda ya ƙi rabin gari, ya nemi aurenta. Lissafi ne mai nauyi a gare ta. Raba gari biyu rushe shi ne, auren kuma ya saɓa al'ada, don an ce Magajiya ba ta zama ƙarƙashin namiji. Ta zaɓi auren, gari ya zauna ɗaya.

To ga inda za ki ce kamar yau aka yi. Kafin ta warware abin da al'ada ta ɗaure ta da shi, ita da kanta ta ba mijin kuyanga, Bagwariya. Bagwariya ta riga ta haihuwa, aka sa wa yaron Karɓagari. Ke kin san wannan ba suna ba ne kawai, saƙo ne aka aika ɗakin uwargida. Da Allah Ya ba Daurama nata ɗan sai ta sa masa Bawo, wato a mayar mata da garinta. Ashe habaici da sunan jariri tsakanin kishiyoyi ba mu muka fara ba! Sai dai nasu ya bar baya da ƙura. Daga 'ya'yan Bawo shida aka ce an samu sarakunan Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuwa aka jingina musu Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarabawa, aka laƙaba musu Banza Bakwai. Wannan laƙabi ban ga dalilin koya wa yaranmu shi ba tare da gyara ba. Ƙasashe ne masu nasu tarihi, ga malamai ga masallatai, kuma daga ƙasar Kabi aka yi Kanta.

Da Bawo ya hau, sarautar Daura ta koma hannun maza, ba ta sake dawowa ga mata ba. Amma sunan Magajiya bai mutu ba. Sarauta ce da ake ba babbar mace ta gidan sarautar Daura, a wasu masarautun ma akwai ta. Gidan da ke danganta kansa da Daurama ya rasa birnin lokacin jihadi, ya zauna Zango da Baure kusan shekara 100, sai a 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Rijiyar Kusugu tana nan cikin birni, an yi mata gini an kewaye ta, baƙi suna zuwa su ja guga su sha kowace rana ta mako.