Gelima, Sarkin Bandal Na Ƙarshe

Mutumin da nake so in ba ku labarinsa shi ne Gelima, sarki na ƙarshe na wata ƙabila da ake kira Bandal. Su Bandal Turawa ne, sun ƙetaro teku daga Sifen zuwa Afirka ta Arewa a shekarar 429, a 439 kuma suka ci birnin Kartaj wanda kufansa ke ƙasar Tunisiya yanzu.

Gelima bai sami sarauta ta hanyar gado ba. A 530 ya tuɓe ɗan'uwansa Hildarik ya kulle shi. Nan da nan aka buga kuɗi da sunansa, na azurfa da na tagulla. Na tagullar, wanda suke kira numus, ɗan mitsitsi ne, bai kai aninin da iyayenmu suka sani ba. Gefe ɗaya kan sarki ne, ɗaya gefen kuwa harufan sunansa ne a haɗe cikin da'irar ganye. Irinsa talakan Kartaj ke kashewa a kasuwa. To, Hildarik aminin Jastiniyan ne, sarkin Rumawa na Gabas, sai Jastiniyan ya sami dalilin yaƙi. A 533 ya turo sarkin yaƙinsa Balisariyus.

Aka gamu mil goma daga Kartaj. Gelima ya kusa cin nasara, sai ya tarar da gawar ƙanensa Ammatas, ya tsaya kuka da shirin jana'iza har Rumawa suka sake haɗa kansu suka kore shi. Ni dai a ganina nan ya rasa ƙasarsa, ko da yake ban iya ganin laifinsa ƙwarai ba. A watan Disamba aka sake karya shi, ya gudu dutsen Fafuwa, aka kewaye shi wata uku cikin sanyi da yunwa. Marubuci Furokofiyus, wanda ya bi rundunar Rumawa, ya ce Gelima ya roƙi abu uku wurin mai tsaronsa: burodi, don ya daɗe bai gan shi ba, da soso don goge idonsa da ya kumbura, da abin kiɗa mai tsirkiya don ya rera waƙar baƙin cikinsa.

A 534 ya ba da kai. Aka zagaya da shi a Kwanstantinoful, wato Istanbul ta yau, amma ba a kashe shi ba. An ba shi gonaki a Galatiya, sai dai an hana shi babban muƙami domin ya ƙi barin ɗariƙarsa ta Kiristanci, ta mabiya Ariyus.