Farfesa Thomas Adeoye Lambo: Likitan da ya kusanto da magani gida

Idan kana da ɗan'uwa mai ciwon damuwa ko taɓin hankali a Kademi, ka san wahalar kai shi asibitin Dawanau: sammako, kuɗin mota zuwa Kano, sannan a ratsa birni. Wannan kan sa wasu su daina komawa ganin likita. Irin wannan matsala ce Farfesa Lambo ya nema wa mafita tun kafin samun 'yancin kai.

An haife shi a Abeokuta a 1923. Ya karanci likitanci a Birmingham ta Ingila, sannan ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa.

Ya dawo gida a 1954 ya kama aiki a asibitin Aro, kusa da Abeokuta. A wancan zamani galibi kulle irin waɗannan marasa lafiya ake yi, a raba su da kowa nasu. Lambo ya nemi yardar ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin su sauki marasa lafiya a gidajensu, kowanne tare da wani ɗan'uwansa. Da rana a je asibiti a sha magani, da dare a koma cikin jama'a. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, domin su mutane suka fara yarda da su. Tsarin ya yi suna a duniya.

Daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kuma yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1971 zuwa 1988, inda ya kai muƙamin mataimakin babban darakta. Ya rasu a 2004.

Ganawa da likita ta waya ko bidiyo, wadda ta yaɗu lokacin annobar korona a 2020, tana kan wannan turba: mara lafiya na gida, kulawa ba ta yanke ba. Idan likitanku ya amince da ita, ka tanadar wa ɗan'uwanka caji da kati, ka ba shi ɗaki shi kaɗai don ya faɗi abin da ke ransa. Kada ya daina shan magani. Idan kuwa ya fara zancen kashe kansa ko ya rikice, kada ku tsaya kiran waya, ku kai shi asibiti nan take.