Baba ta Karo: Tsohuwar da ba ta yi boko ba amma ta bar littafi

A cikin littattafan tarihi da muke karɓa-karɓa tsakaninmu ɗalibai a zangon nan, babu wanda ya tayar da gardama kamar Baba of Karo. Labarin rayuwar wata Bahaushiya ne, ba 'yar sarki ba, ba kuma matar attajiri ba.

An haifi Baba wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa a ƙasar Kano. Zuriyarsu asalin Barebari ne, mahaifinta manomi ne kuma malami. Ta tashi a zamanin da fita bayan gari kasada ce, domin mahara na iya sace mutum su sayar. An taɓa kama wasu daga danginta, sai da aka biya fansa. To amma fa gidansu ma suna da bayi a rinji, su ke yi musu noma. Nan ne gardamarmu ta fi zafi. Wasu sun ce tsohuwar ta tona mana asiri a gaban Turawa. Ni kam ina ganin gaskiyarta ta faɗa, ba ta wanke kowa ba, har danginta.

Tana da shekara 26 ko kusa da haka Turawa suka ci Kano a 1903. Abin da ya fi burge ni, ba labarin yaƙin ta tsaya bayarwa ba, abin da ya faru a cikin gida ta faɗa: bayi suka watse, iyayengijinsu suka koma riƙe fartanya da kansu.

Aure huɗu ta yi, na fari da ɗan'uwanta, tana yarinya. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta yi bayanin zaman kishi, ƙawance, wankan jego, suna da bori dalla-dalla, irin hirar da kakanninmu a Miga ke yi bayan sallar isha'i, mu kuwa muna ta danna waya.

A Giwa ta ƙasar Zazzau ta haɗu da Mary Smith, matar M. G. Smith, masanin da ya rubuta Government in Zazzau. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 suka riƙa zama, Baba na magana da Hausa, Mary na rubutawa. Mu da ake koya wa dabarun hira a aji, wallahi akwai abin dubawa a nan: makonni aka yi ana saurarar mutum ɗaya.

Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne, da Turanci littafin ya fara fita, a Landan, a 1954. Baba ba ta ma gan shi ba, ta rasu tun 1951.